Ƙafafun Hafiz a Cikin Inabi

Ɗana Hafiz ya samu tallafin karatu zuwa Italiya, yana koyon aikin ban-ruwa. Ni kuwa kayan injin ban-ruwa nake sayarwa a kasuwar Talata Mafara, don haka ban damu ba, na ɗauka sana'ar gida ya tafi ƙarowa. Hutunsu na bazara, wanda ya faɗo cikin daminarmu, shi ya jawo mini ciwon kai.

Ya kira ni ya ce shi da abokansa za su zaga garuruwa a kan keke, sannu a hankali.

Na ce, "Babu mota a ƙasar?"

"Akwai, Baba. Haka ake hutu a nan. Ka kwana a wannan gari, ka ci abinci a wancan."

"Wa za ku gaisar?"

"Ba kowa."

Tun daga nan hotuna suka fara zuwa. Ga shi a wani gari wai Siyena, zaune dirshan a tsakiyar fili kamar wanda aka sace wa jaka. Ga shi a wani ƙauye a kan tudu, gidajen duk jan bulo tsirara, ko yaɓe ba su iya yi ba. Sai gonaki, layi-layi har ƙarshen gani, duk inabi. Daga ƙarshe bidiyo ya zo: Hafiz ya naɗe wando har gwiwa, yana cikin wani katon baho na katako yana tattaka inabi, wata tsohuwar Baturiya tana yi masa tafi. Bai turo mini ni kaɗai ba. Kowa mai lambarsa ya gani.

Akwai yarinyar da yake so a Bakura, Fatiha, 'yar gidan malamai ce tun kakanni. Mun shirya 'yan'uwana za su je neman aure bayan girbi. Sai ga saƙo daga baffanta, Malam Ɗayyabu, wanda shi zai ba da ita: yana son ganina kafin kowa ya taka masa zaure.

Na garzaya wurin maƙwabcina Iliya, ma'aikacin sakatariya, na miƙa masa waya.

"Iliya, kai ne ka san harkar nan. Giya ce?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malam Bube, don ni Kirista ne? Ka taɓa ganina da kwalba? Mu a cocinmu ko Jibin Ubangiji, ibadar da wasu ke yi da ruwan inabi, da zoɓo muke yi."

Matarsa Beatrice ta leƙo daga ɗaki, ta kalli bidiyon. "Giya za a yi mana. Amma Baban Hafiz, kafin ta zama giya ai ruwan inabi ne. Ka tsaya a nan, kada ka ƙara gaba."

Na hau motar Bakura ina maimaita wa kaina: ruwan inabi, lemon yara.

Na tarar da Malam Ɗayyabu a zaure, littattafai a hagunsa, buhunan irin shinkafa a damansa, don yana da gona a Bakolori. Muka gaisa, ya tambayi gida, kasuwa, ruwa, ciwon ƙafar mahaifiyata, har na fara sa ran ya manta. Sai ya zaro waya daga aljihu.

"Malam Bube, wanga ɗanka na?"

"Shi ne, Allah gafarta Malam. Ruwan inabi ne suke yi. Lemo. Yara ƙanana ma suna sha."

"Abin sha na halas ke nan."

"Halas tsantsa."

Ya ajiye wayar a hankali. "To abin da nike tsoro ke nan. Mu nan ƙwarar hatsi in ta faɗi, duƙawa muke mu ɗauke. Ɗanka ya shiga cikin abincin mutane da ƙafa, yana rawa. Wanda ya taka abinci yana dariya, shi zan ba ɗiya ta yi mai tuwo? Da giya ta, sai in ce ƙazanta ta samu ƙazanta."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Allah gafarta Malam, gaskiya giya ce."

"Au. Masana'antar giya ka tura shi?"

"A'a. Wato... taka ta yake yi. Don wulaƙanci."

"Ita tsohuwar mai tafi, wulaƙancin take ma murna?"

Malam ya ce in kira yaron, a ji daga bakinsa. Na kira shi ta bidiyo, na miƙa wa Malam wayata.

Hafiz ya ɗauka yana zaune a gindin wata bishiya, keke jingine a bayansa, yana cin burodi. Da ya ga fuskar Malam ya miƙe tsaye, ya gaishe shi da kyau, har ya duƙa wa waya.

Malam ya ce, "Abin da ka taka, wa ya sha?"

"Ba wanda ya sha, Baffa. Zubarwa suke yi a gona. Giyarsu inji ke yin ta, ni ko ƙofar wurin ban shiga ba. Wannan na baƙi ne kawai, ka biya, ka shiga, a ɗauke ka hoto."

"Ka biya, ko a biya ka?"

"Ni na biya."

"Ka tuƙa keke cikin rana, ka isa gonar mutum, ka yi mai aiki, ka ba shi kuɗi, ya zubar da aikin."

"Kusan haka ne, Baffa."

Malam ya miƙo mini wayar. Ya daɗe yana shafa gemu, ni kuma ina ta karanta duk addu'ar da na iya.

"Malam Bube, mashayi ana yi mai wa'azi. Wanga ban san babinsa ba cikin littafi." Ya ɗaga murya zuwa cikin gida. "Fatiha, kin ji wanda kika zaɓa?"

Daga bayan labule ta ce, "Na ji, Baffa. Ni ma na faɗa mai."

"Kuma kina nan a kai?"

Muka ji ta ruga ciki da gudu. Sai dariyar mata daga tsakar gida.

Malam ya gyara zama. "To, ku turo magabata bayan girbi. Amma in ya dawo, kafin ɗaurin aure, zai zo Bakolori ya yi min bugun shinkafa, tunda ga abin da yake so. Ya zo da abokan nasa ma, har Turawan. Ka faɗa mai mu ba za mu karɓi ko kwabo ba."