Fayil na Ɗari da Ɗaya

Shekara talatin Kawu ya yi yana auna ruwan sama a wata cibiyar binciken noma. Bayan ya yi ritaya aka ɗauki hoton littattafansa shafi-shafi, aka zuba a wata tsohuwar kwamfutar cibiyar. Ranar Talata ya kira ni, wai jibi za a kashe ta gaba ɗaya.

"Injiniya, zo ki kwaso mini kayana." Haka yake tsokanata tun ina makaranta.

Na zauna a falonsa da hantsi, na kunna kwamfutata, na buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, na ba manhajar sauke fayil jerin shafuka dubu uku da ɗoriya. Ta kama aiki da gudu. Tana cika ɗari ta tsaya cak, ba ta ce komai ba. Na sake, nan ta kuma tsayawa.

"Ko shafi na ɗari da ɗaya ne ya lalace?" in ji Kawu.

Na sauke shi shi kaɗai, ya zo lafiya lau. Na zargi intanet ɗin gidan, na koma na wayata, duk ɗaya. Sai na sa manhajar ta riƙa nuna duk abin da suke faɗa wa juna da waccan kwamfutar. Nan na gani. Layi ɗaya take buɗewa ta yi ta jan fayiloli ta cikinsa. Ita kuwa tsohuwar, da ta ba da ɗari sai ta yi gum ba tare da ta rufe layin ba, tawa ta zauna jira.

Da na yi wa Kawu bayani ya yi dariya. "To ki ce ta riƙa sabuwar sallama kowane shafi mana."

Abin da na yi ke nan: kowane fayil da layinsa, a gama a rufe. Gudu ya ragu sosai, amma muka wuce ɗari, muka wuce dubu.

Kawu ya jawo kujera yana duba shafukan da suka iso. Can ya ɗora yatsa a kan allo.

"Wannan ba rubutuna ba ne. Na marigayiya ne, matata. Zazzaɓi ya kwantar da ni sati biyu, ita ke fita da sassafe ta duba ma'aunin. Wallahi na manta."

Ya goge tabarau da gefen rigarsa.

"Ƙara mini girmansa, 'yata."