Jinin Inna Ya Ƙi Magana

Jiya da rana tsaka, bayan an sauko daga azahar, hadari ya taso daga gabas ya tsaya cak, bai zubar ba bai kuma wuce ba. Gari ya yi lumshi, ga zufa. A wannan lokacin ne na yi wani mafarki.

Bari in fara faɗin yadda aka yi na kwanta. Ni dai sunana Haladu, wankin hula nake yi a bakin kasuwa. Na ga babu ranar da za ta busar min da huluna, sai na tattara na dawo gida, na shimfiɗa tabarma a zaure. Ba barci ne ya kai ni ba, tunani ne. Wasu masu bincike sun zo daga jami'a, kwanansu uku a asibitin garinmu, suna auna jinin mutane da fitsarinsu saboda ciwon ƙodar nan da ke ta ɗauke mana mutane. An ce motarsu za ta tashi bayan la'asar. Kowa ya je, ban da Inna.

Wata biyu ke nan Inna ba ta miƙewa sai ta dafa bango. To ni ne ɗanta na fari. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta kuma kallon idona, balle ta gaya min inda ke mata ciwo. Da safe na durƙusa na roƙe ta ta je a auna ta. Sai ta dubi tukunya ta ce a gaya wa wancan lafiyarta lau.

Ina cikin wannan tunani sai na ji sallama ƙasa-ƙasa a bakin kunnena. Wani sauro ne sanye da farar riga. Ya ce sun ɗebi jinin gyatumata da izinin mai unguwa, amma fiffikensa ya gaji, ko zan ƙarasa da jinin asibiti? Ya miƙo min 'yar kwalba. Da ɗuminta, kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu. Na sa a aljihun gaba.

Na fito. Gajimare sun sauko sun kwanta a kan hanya suna tuƙa kamar shanu, sai na riƙa ratsawa ina ba su haƙuri. Can sama kuma wani mutum yana zura rana da igiya, kamar mai zura guga a rijiya, a hankali a hankali. Na tambaye shi saura nawa ta kai la'asar. Ya ce gaba bakwai, in igiyar ba ta zame ba.

Sai ga ni gaban teburin yankar kati. Ƙadangare ne a kujerar. Ya tambayi sunan mara lafiya. Na buɗe baki na kasa, don ni ma ban taɓa faɗin sunan Inna ba. Ya gyaɗa kai ya rubuta. Ya tambayi shekarunta, na ce an ce shekarar da kogi ya cinye tsohuwar kasuwa aka yaye ta. Ya gyaɗa kai ya rubuta. Na ce masa sauri nake yi. Wannan ma ya gyaɗa kai ya rubuta. Ya ce in shiga ɗaki na uku, shi ne na farko a jere, don ya girmi sauran.

Ɗakin ba shi da rufi. Kwalabe ne jere a kan katako har inda ido ya ƙure, kowace da jini a ciki, suna ta hira ƙus-ƙus kamar mata a gidan suna. A tsakiya wani farin ɓera ne zaune da tabarau, ya harɗe ƙafa. Shi ne babban mai bincike. Ya ce kada in yi mamaki, kowane magani da ɗan Adam ya taɓa sha, su da kakanninsu ne suka fara ɗanɗana shi, da aka rasa abin da za a saka musu da shi sai aka ba su kujerar.

Na ce ai ya kamata.

Ya nuna min injuna an rufe su da zannuwa. Ya ce sun daina wahalar da su. Binciken zamani ya gano jini ya fi kowa sanin gidan da ya fito, don babu lungun da bai shiga ba, saboda haka yanzu gaishe shi kawai ake yi a tambaye shi. Jinin mutanen wasu garuruwa tun kafin a buɗe kwalba yake fara kai ƙara. Amma na garinmu ya gagare su. Ya jawo wani littafi da ya fi shi tsawo ya buɗe min. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma na gane, don kalma biyu ce tun daga sama har ƙasa.

"Shekara bakwai," in ji shi. "Littafi goma sha biyu. Duk wanda muka tambaya, da sauƙi. Akwai wanda mai shi ya rasu tun bara, har yau jininsa da sauƙi yake ce mana."

Na ciro kwalbar Inna na ajiye a gabansa. Ya gyara murya, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi gida da yara, sannan ya ce, "Baiwar Allah, ya jiki?"

Jinin ya ɗan motsa. "Wa ya kawo ni?"

"Ɗanki."

"Wanne?"

"Na farin."

Sai jinin ya juya ya fuskanci bangon kwalba, ya jawo audugar bakin kwalbar ya lulluɓa. Muka yi ta jira. Can dai muryar Inna ta fito, irin wadda take yi in tana magana da murhu.

"A gaya masa ya rage zama cikin rana. Ya rame."



Na ɗaga kai na ga rana ta sauko, saura gaba huɗu. Na ce wa ɓeran ko akwai wata dabara. Ya cire tabarau ya goge da wutsiya. Ya ce su dai iyakarsu bakin ƙofa, amma ni ɗan gida ne, in na ga zan iya, in shiga in gani da idona. Na cire takalmi na yi sallama, na shiga kwalbar.

Kogi ne, ja, mai faɗi, yana tafiya ba ƙara. Ina cikin kwalekwale ban san wanda ya sa ni ba. Wasu jajayen abubuwa masu kama da waina suna ta wuce ni, kowanne ɗauke da ƙullin iska a ka. Akwai farare kuma, 'yan sintiri, da sandunansu, rabinsu na gyangyaɗi. A bakin gaɓa gishiri ne zazzaune da fararen riguna, sun baje kamar baƙin da suka zo suna suka ƙi tafiya. Na gaishe su. Suka ce sun kwana biyu a nan, gidan akwai karamci.

Can nesa ana daka. Dum, dum, dum. Duk bugu ɗaya sai kogin ya matsa gaba.

Kwalekwalen ya tsaya da kansa gindin wata tsamiya. Tsofaffi biyu ne a wurin, tagwaye, Hassana da Usaina, kowacce da tsumman tata a hannu, suna tace kogin kamar masu tace kamun koko. Ba wanda ya gaya min, amma na san su ne ƙodojin Inna. Tsumman Hassana ya yage, tana ɗinke shi da furfurarta tana tsinkewa. Usaina ce ke tatar nata da na 'yar uwarta. A bayansu ruwan da ba a tace ba ya taru, an jibge shi kamar buhunan gero, wani yana gangarawa ta wani lungu zuwa ɗakuna biyu na can ƙasa, wato ƙafafu, ya tsaya a can yana jira.

Na ce sannunku da aiki. Suka ce aiki da godiya. Na ce ya gajiya. Suka ce ba gajiya. Na ce ya jiki kuma. Suka haɗa baki suka ce da sauƙi.

To a nan na ga tambaya ba za ta yi ba. Sai na naɗe hannun riga na zauna. Matsa da tata aikina ne, kullum shi nake yi wa huluna. Na kama bakin tsumman Usaina, ita ta kama ɗaya, muka yi ta murɗawa. Ban dube ta ba, ba ta dube ni ba. Mun daɗe a haka. Wani kifi ya zo ya leƙa mu, ya ce lokacin shan maganinsa ya yi, ya tafi.

Sai na ji Hassana tana magana da tsummanta.

"Kai kuwa tsumma, ka kai wata biyu da yagewa. Da za a kai ka wurin masu gyara yanzu, da ka kamu. In aka bari damina ta wuce, sai dai a ba da labarinka."

Ni ma sai na dubi tsumman, na ce masa to mai gidan, wato Inna, ta ƙi fita, ya za a yi?

Usaina ta yi dariya har ruwa ya zube mata a cinya. Ta ce wa tsumman, ji ɗan fari, shekara ashirin da biyar a gida bai san uwarsa ba. Ta ce a tambaye ni, yaushe na taɓa ganin matar nan ta sa mayafi don kanta? Gidan biki, rakiya. Gidan rasuwa, rakiya. Asibitin ma ta je ya fi sau talatin, duk riƙe da jakar wata.

"Duba can," in ji ta.

Na duba ƙetaren kogi. Mutane ne bibbiyu suna ta kai da komo. Wannan ya raka wancan har ƙofar gida, wancan ya ce ai ba zai bar shi ya koma shi kaɗai ba, ya rako shi. Wasu sun yi furfura a hanyar. Usaina ta ce a ƙasar nan haka ake tafiya, ba mai zuwa ko'ina, amma kowa na isa.

Rana ta leƙo ta cikin ganyen tsamiya, saura gaba biyu. Na miƙe. Hassana ta ce in na fita in ja musu ƙofa, iska na shigowa.

Dakan nan kuwa ya matso kusa, sai dai ya canza. Bugu uku, sai shiru. Idan aka yi shirun, kogin duka sai ya tsaya, masu ƙullin iska su tsaya da kayansu a ka suna sauraro. Sannan a ci gaba. Na hango mai dakan ta ba ni baya, ɗankwalinta ya zame. Na nufe ta. Ina tafiya tana nan inda take, nisan bai ragu ba. Na so in kira ta, ban san da wane suna ba. Dum, dum, dum. Shiru.

Na buɗe ido na ga azarar zaurenmu. Dakan bai tsaya ba. Inna ce a tsakar gida take surfen gero, ta yi bugu uku ta jingina da taɓarya ta huta.

Ba a kira la'asar ba tukuna. Na zagaya ta baya na shiga gidan Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita tun ranar farko aka auna ta, har tana yi wa masu allurar tsiya wai hannunsu ba nauyi. Na ba ta labarin mafarkin a gurguje. Ta ce ɗanwake ne ya yi min yawa, kuma duk ɓeran da ya shigo ɗakinta ko da tabarau goma ne sai ta buge shi. Amma tana faɗa tana neman mayafinta.

Na koma zaure na tsaya inda nake hango tsakar gida. Gwaggo ta shigo tana ɗingishi, ɗingishin da ba ta da shi ɗazu. Ta ce wa Inna mutanen nan sun ce sai ta koma an sake ɗibar jininta, ita kuwa tun jiya gabanta ke faɗuwa, ba za ta iya zuwa ita kaɗai ba.

"Tsofai-tsofai da ke, da jikoki, kina tsoron allura?" in ji Inna.

"To ya zan yi, Yaya? Taso ki riƙe min hannu."

Inna ta yi tsaki, ta ce ita ga aiki a gabanta. Ta jingine taɓarya, ta rufe turmin da faifai saboda kaji. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi, tana ta mita wai mutum ya girma bai san ya girma ba. Gwaggo ta waiwayo ta harare ni, na gane ta ce sauran aikin nata ne, in sun isa ba mai fitowa ba a auna shi ba.

A bakin ƙofa Inna ta zura ƙafa a takalminta, ya ƙi shiga. Ta gwada ɗayan, shi ma haka. Ƙafafun sun kumbura har idon sawu ya ɓace. Ta tsaya tana kallon takalman, hannunta a bango, na ga alamar za ta ce a bari sai wani lokaci.

Na zare silifas ɗina na tura su da ƙafa har gabanta, na juya ina duban katanga.

Ta ɗan jima. Sannan na ji ta ce wa Gwaggo su yi sauri kada mutanen su tashi. Ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba, silifas ɗin sun yi mata tsawo ta baya, suna ta faɗat-faɗat har suka sha kwanar masallaci.