Daƙiƙa Huɗu

Malama tana tsugune a bayan tebur tana fama da wayar majigi sai ta hango takalman shugabar makaranta a bakin ƙofa. Iyaye biyu sun kawo ƙara, wai ana kunna wa yara waƙoƙin hip hop a kulob ɗin nazarin fim da waƙa na ranar Laraba. Shugaba ta ce za ta zo ta gani da idonta, ko kulob ya ci gaba ko a rufe shi.

"Ku yi abinku kamar ba na nan," in ji shugaba. Ta zauna a bencin baya, ta ɗora jaka a cinya.

Rediyo, yaron da bakinsa ba ya hutawa, ya raɗa wa na kusa da shi, "Yau ko tari ka yi sai an rubuta."

Malama ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. "Mece ce dokar kulob?"

"Kallon farko babu sauti!" suka amsa baki ɗaya.

Ta raba aiki. Dogo, mai agogon hannu, zai ƙirga tsawon lokacin da aka nuna fuskar mawaƙi a bidiyon waƙar da za su kalla. Auta, yarinyar da sai a yi mako ba a ji muryarta ba, aka miƙa mata agogon bango ta ƙirga na fuskokin mata. Bidiyon ya fara. Da babu kiɗa, sai mawaƙin ya koma kamar mai korar ƙuda a kan mota, ajin ya fashe da dariya. Shugaba ko murmushi.

"Minti biyu da daƙiƙa goma," in ji Dogo da aka gama.

"Auta fa?"

"Mata goma sha ɗaya ne," ta ce a hankali. "Daƙiƙa huɗu."

"To sauran lokacin da suke ciki, ina kyamara take kallo?"

Aka yi ta sunkuyar da kai ana ƙunshe dariya. Rediyo ya ce, "Malama, kyamarar nan ba ta da tarbiyya."

"Kyamara ba ta da ƙafa," in ji Malama. "Wani ne ya riƙe ta. Wani ya ce masa nan za ka ɗauka. Wani kuma ya zauna ya yanke abin da bai ga dama ba."

"Amma ai su suka yarda, ba a ɗaure su ba," in ji Rediyo.

"Ka ji daga bakinsu? Cikin sha ɗayan nan, wace ce ka san ko muryarta?"

Sai Auta ta ɗaga hannu.

"Mai jar riga, ta bayan mota. Yayata ce. Ga tabon dutsen guga a gwiwar hannunta."

Malama ta saci kallon shugaba. Da ta sani, ai da wani bidiyon ta zaɓa. A ranta har ta ga an rufe kulob, ta ga yarinyar nan ta zama abin tsokana har ƙarshen zango.

Shugaba ta buɗe jaka. Ita da ta hana shigowa da waya makaranta, ita ta miƙo tata.

"'Yata, in kina so, kira ta. In ba kya so, a bar maganar nan."

Auta ta danna lambar, ta buɗe sauti. Yayar tana jami'a tana karatun harhaɗa magunguna, ana jin ƙarar kwalabe a bayanta. Da ta ji bayani sai ta kwashe da dariya.

"Auta, kin tona min asiri! Ai awa tara muka yi a tsaye, takalmin ya ci min ƙafa. Amshin waƙar ma ni na tsara, don mutumin ya kasa ɗora shi a kan kiɗa. Muryata ce a ciki. An ɗauke ni ina rerawa, fuska da komai. Da bidiyon ya fito, ni kaina sai da na yi ta neman kaina."

Rediyo ya miƙe tsaye, baki buɗe. "Yaya, amshin da muke yi a filin ƙwallo? Ke ce?"

"Ni ce, ƙanena. Ko kana da ja?"

"Wallahi ba ni da shi. Yi mana kaɗan!"

Ta ɗauko shi tiryan-tiryan ta cikin wayar shugaba. Dogo ya fara buga tebur, 'yan mata suka karɓa, Auta ta rufe fuska da littafi tana dariya har kafaɗunta na rawa.

Da aka lafa, Malama ta ce, "Yanzu mu sake kallo, da sauti. Duk inda kuka ji muryarta, ku faɗa min wa ake nunawa."

Amshin ya zo sau uku. Sau uku suka yi ihu, "Shi!"

Da aka buga ƙararrawa, shugaba ta karɓi wayarta ta nufi ƙofa. Malama ta bi ta.

"Ranki ya daɗe, maganar kulob ɗin..."

"Laraba mai zuwa ki kawo wani," in ji shugaba. "Ki ce wa Dogo ni zan riƙe agogon."

Ta bi baranda ta tafi. Sai da ta kusa kai ofis Malama ta gane amshin waƙar ne shugaba take rerawa ƙasa-ƙasa.