Sunan Ƙarshe A Takarda

Bappa Hammajoda bai taɓa roƙon kowa komai ba, ko ruwan sha. Shekara talatin yana dillancin shanu kafin ya dawo bayan Kasuwar Muda Lawal ya zauna, kuma har yau in ka ajiye masa tuwo sai ya ce ya ƙoshi, alhali cikinsa na kiran ciroma. Pulaku ke nan, kunyar nan ta Fulani da ke hana mutum nuna buƙata ko da zai mutu.

To ga shi idonsa na hagu ya daɗe da tafiya, na dama kuma yanar ido ta soma rufe shi, har ba ya gane mutum sai ya yi magana. Likita ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: in ba a cire yanar nan bana ba, sai dai sanda.

Shi da Mama Juliana, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke Yelwa, su suka kafa Ƙungiyar Inuwar Dattawa. Da labari ya zo cewa gwamnati za ta haɗa hannu da su a yi wa tsofaffi aikin ido kyauta, wata biyu suka yi suna hawa keke mai ƙafa uku suna sauka, daga Yelwa har bakin barikin Shadawanka, suna rubuta sunaye. Mutum ɗari da arba'in da biyu suka samu.

"Bappa, naka fa?" in ji Juliana. "Kai ne shugaba, bari in sa ka a sama."

"Subhanalla! Makiyayi ya sha ruwa kafin shanunsa? Sa ni a ƙarshe."

Ta yi tsaki ta rubuta shi, na ɗari da arba'in da uku.

Jami'ar da ma'aikatar lafiya ta turo musu kuwa ba baƙuwa ba ce. Ikilima ce, 'yar amininsa marigayi Sabitu. Bappa ne ma ya zaɓo ragon sunanta da hannunsa. Ranar sa hannu a yarjejeniya ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta gyara masa rawani don masu ɗaukar hoto, ta riƙe babban yatsansa ta dangwala a takarda.

"Bappa, kowa zai samu," ta ce. "Kai kuwa ai ubana ne."

Daɗi ya kama shi, wallahi, har ya kau da kai don kada a gani a fuskarsa.

Ranar aiki tun da hantsi suka cika barandar asibitin da aka ware. Ana kiran suna, ana shiga da mutum, yana fitowa da auduga a ido yana sa albarka. Bappa na zaune a ƙarshen benci, kusa da wata taga, yana jan carbi. Da azahar ta wuce sai ya fara jin sunayen da bai taɓa ji ba. Shi da ya taka kowane gida da ƙafarsa! Motoci na tsayawa, ana fito da tsofaffi masu ƙamshin turare ana wucewa da su ciki. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Juliana ce ta kasa haƙuri. Ta bi Ikilima cikin ofis, ofis ɗin kuwa shi ne mai tagar. Wanda ido ya gudar masa, kunne ke yi masa aiki.

"Su wane ne waɗannan?" muryar Juliana ke nan. "Ba sa cikin takardarmu!"

"Mama, ki rage murya. Daga sama aka turo mutum goma sha biyu, iyayen manya ne. Dole na yanke daga ƙasa."

"Daga ƙasa? Kin san wa ke ƙasa?"

"Na sani."

"Kin sani! To ki musanya shi da wani mana, akwai masu ido ɗaya lafiyayye."

Ikilima ta ce, "Duk wanda na cire a tsakiya zai tara min jama'a, har gidan rediyo sai ya je. Bappa kuwa ba zai yi magana ba. Na san shi tun ina goye."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Da baƙo ne ya yi masa haka, da ya ce rashin sani ne. Amma yarinyar nan ta san halinsa ciki da waje, ta ɗauki abin da ya fi daraja a wurinsa ta yi masa dabaibayi da shi. Abin ya yi masa ciwo, ciwon da bai ji irinsa ba ko ranar da cuta ta kwashe masa garke.

Da ta fito, ya gane takun takalminta. Ya miƙe. Bakinsa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa, tsofaffi kuma na zaune reras suna ji.

"Ikilima, 'yata," ya ce. "Ki taimake ni. Ido ɗaya ya rage min."

Shekara saba'in da huɗu, yau ya roƙa.

"Bappa, ka yi haƙuri," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Likitocin yau za su koma. Sai dai in an sabunta yarjejeniya baɗi."

Takun takalmin ya yi gaba, da sauri.

Juliana ta tsaya gefensa tana huci, tana cewa wallahi sai ta kai ƙara, sai ta tona asirin kowa. Ya lalubi takalmansa da ƙafa ya zura, suka nufi ƙofa, inda aka rataya babban ƙyalle mai hotonsa da rawani, Ikilima na riƙe da yatsansa. Shi dai wani fari-fari kawai ya gani.

A bakin matakala ya tsaya. Da can, ko zai faɗi ba zai nuna ba.

"Juliana," ya ce, "riƙe min hannu. Ba na ganin ƙasa."

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne, wannan karon maganar ta fito ba wuya.