Takardar Hilin Halidu

Ranar Talata Rabo ya hau kabu-kabu daga ƙauyensu, gabas ga Tabotaki, har Buza. Shi ka shugabantar kwamitin rijiya, kuma an aiko mishi cewa in Alhamis ta yi dosiyen takardun garinsu bai cika ba, mashin ɗin ginar rijiya wani gari za shi, su jira baɗi. Matansu kuwa shekara bakwai ke nan suna tahiya ƙorama ɗibar ruwa da jakkai.

Mai kula da takardu a buron furoje, ohishin masu aikin rijiyoyin, ɗiyar ƙanenshi ce, Adawiyya, wata ukku da kama aiki. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta jawo mishi kujera gaban ordinatar, wato kwamfuta.

"Baba, duba. Kowane gari na da aljihu huɗu: bincike, hili, aiki, miƙawa. Wanda ya cika kore, wanda bai cika ba ja."

Rabo bai karatun boko, amma idonshi lahiya lau. Aljihu na biyu ja wur.

"Mi ya rage?"

"Takardar kyautar hili. Na duba duk abin da anka shigar watan taronku, babu. Anya kun yi ta?"

"Ke! Yatsana na bisanta, da na liman, da na Halidu mai gonar. Ni za ki tambaya ko mun yi?"

"Tuba nikai, Baba. Amma ordinatar bai san yatsa ba sai an nuna mishi."

"To shi da makaho ɗaya."

Ta ɓoye dariya cikin mayahi. Shi ko ya dafa sanda, ya ce ta saurara, ya jero mata abin tun hwarko. Taro cikin damina anka yi shi, hatsi na bunni. Halidu ya ba da bakin gona gaban jama'a, anka yi fatiha. Amma wa ka sa hannu ga kyautar ƙasa hatsi na tsaye bisanta? Ba a yi. Sai an girbe, an ɗaure damma, an saki dabbobi sun ci kara. Kahin nan mutanen gari sun daɗe da soma jidar duwatsu da yashi, don maganar dattijo ta ishe su.

Adawiyya ta juya ga ordinatar. "Wato takardar ta zo bayan an soma aiki."

"Da wata huɗu."

"Wanda na gada ga aikin nan, da kwanan wata yake jera kaya, Baba, ba da abin da takarda ta ce ba."

Ta buɗe aljihu na ukku. Hotunan tarin duwatsu, hotunan amalanke, sunayen masu gayya. Can ƙasa wata aba marar suna, lamba kawai. Ta taɓa. Ga yatsu ukku, na tsakiya ya karkace.

"Nawa ne wancan," in ji Rabo. "Tawadar ta yi yawa."

Ta rubuta mata suna, ta jawo ta zuwa aljihun hili. Ja ya koma kore. Ba ta tsaya nan ba, ta buɗe dosiyoyin wasu garuruwa biyu masu ja, ta nuhi aljihu na ukku kai tsaye. Ɗaya ta samu.

Rabo ya dube ta, ɗiyar gidansu, tana hidda garin da ba nasu ba daga jiran shekara. Bai yaba ba, ba halinshi ne ba. Ya miƙe, ya gyara rawani.

"Ki hwaɗa ma mai mashin ɗin gina hanyar ƙorama ta ɓaci. Ya biyo ta tudu."