Babban Yatsan Malama Emilia

Malam Wilfred Kumai ya dire littafin waƙoƙin sujada a kan teburin Malama Emilia, ya gyara wuyan kwat ɗinsa, sannan ya jawo jikarsa Lucia gabansa.

"An aiko mini takarda cewa yarinyar nan ba ta iya karatu ba, za ta maimaita aji ɗaya," in ji shi. "Tun da mishan ta buɗe makaranta a ƙasarmu, mutum goma sha ɗaya na gidan Kumai suka shige ta. Ubanta Silvanus ya shiga, ga shi yau akawu ne a tashar jirgi. Ba a taɓa jin ɗayansu ya zauna aji guda sau biyu ba, kuma ban ga dalilin da za a fara a zamanina ba."

Malama Emilia ta rusuna. Wannan dattijo ne ya koya mata baƙi da wasali a Fadan Kagoma, kuma har yau in ta ji ƙarar sandarsa sai ta duba ko farcenta na da datti. A bayanta, yara saba'in da biyu da ilimin kyauta na gwamnati ya kwaso a shekarar sun zuba musu ido.

"Baba Malam, ku zauna mana."

"A tsaye na koyar shekara talatin da huɗu. Lucia, lamba arba'in da takwas."

Yarinyar ta buɗe littafin, ta aza yatsa, ta zubo baiti huɗu ba gargada. Ya kira wata lamba, ta zubo. Ya kira ta uku.

"To? Kowace Lahadi haka take yi a gefena. Matan zumuntar majami'a har waiwayowa suke yi."

Malama Emilia ta karɓi littafin da hannu biyu, ta buɗe tsakiya, ta danne lambar waƙar da babban yatsanta. "Lucia, karanta mini wannan."

Lucia ta dubi shafin, ta dubi yatsan, ta karkata kai ko za ta leƙa ƙarƙashinsa.

"Malama, cire hannu. Ba na ganin lamba."

"Bar lamba. Karanta kalma."

"To ta yaya zan san wane waƙa ne?"

Aji ya fashe da dariya. Malam Wilfred ya buga sanda a ƙasa.

"Kin firgita ta ne. Bar yatsanki inda yake, in nuna mata yadda ake yi."

Ya sunkuya a kan shafin. Abin da ya gani shi ne abin da yake gani shekara huɗu ke nan, wanda ko matarsa bai gaya wa ba: layuka masu toka-toka kamar jerin tururuwa. A majami'a lamba ake kira, sauran kuwa yana kansa. Ya auna kaurin littafin da ido, ya yanke hukuncin inda aka buɗe, ya gyara murya, ya karanta baiti biyar da irin amon da ya taɓa girgiza hedimastoci.

Malama Emilia ta tsura wa shafin ido. Sai dai yatsanta ya ɗan zame, Lucia kuwa ta hango lambar.

"Kaka, ba shi ba ne! Wannan na aure ne. Kai ka karanta na biso, na binne gawa." Ta ɗago kai tana nazarinsa. "Kaka, kai ma za ka maimaita aji?"

Nan take Malama Emilia ta kori ajin hutun tara, ko da yake da sauran rabin sa'a.

"Baba Malam," ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "yarinyar da ta riƙe waƙa ɗari biyu a kai ba daƙiƙiya ba ce. Da haruffa ne kawai ba su gaisa ba. Jarrabawa sai Disamba. In ta karanta mini shafi guda da yatsana a kan lamba, za ta wuce." Ta rufe littafin, ta ajiye a kan teburi. "Kuma na ji likitan ido yana zuwa asibiti ran Alhamis."

"Ban tambaye ki ba." Ya ɗauki littafinsa, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya. "Ƙarfe nawa?"

Da la'asar ya sa aka share gindin mangwaron gida, aka yayyafa ruwa. Ya shaida wa Lucia cewa kafin a kawo allo da alli, a ƙasa aka koya wa limamai da alƙalai karatu, saboda haka babu abin kunya a ciki. Ya zana harafin farko na sunanta da bakin sanda, ya faɗa mata yadda ake kiransa, ya miƙa mata tsinke.

Ta durƙusa ta zana nata, ɗan mitsitsi, ta ɗago kai tana jira.

Malam Wilfred ya sunkuya. Ya ƙara sunkuyawa.

"Ƙara girmansa."

Ta goge, ta zana kamar tafin hannu.

"Ƙara."

Ta miƙe ta ja layi da diddige, tsawon taɓarya, har kaji suka watse.

"Yauwa," in ji shi, ya koma kan kujera. "Haka za mu riƙa yinsu. Don ki fi ganewa."