Jan Rubutu a Allon Inji

Shekara ashirin da biyu Mai Kunne yana zuba bokitin roba a kamfanin nan. Sunan ma aikin ne ya ja masa. Daga bakin ƙofa zai ji ƙarar inji ya ce ga abin da ke damunsa, a kwance a tarar haka ne. Karatu kam bai yi ba. Lamba yana ganewa, amma harafi sai ya ga kamar tururuwa ce ta hau takarda.

Sai aka sayar da kamfanin. Sababbin masu shi suka kwashe tsofaffin injina, suka kafa wasu masu allon gilashi, komai sai ka danna rubutu. Manaja ya tara ma'aikata ya ce su goma sha huɗu ne a sashen, shida kawai za a bari. Bayan mako uku, ranar Alhamis, injiniya za ta gwada kowa a kan inji, ranar Juma'a a liƙa lambobin waɗanda suka tsira.

Dogo, abokin aikinsa da ya ɗan taɓa makaranta, shi ya yi masa dabara. Ya yayyanka salatif ya manna a gefen allon, ɗaya a inda ake kunna wuta, biyu a inda ake rufe mazubi, uku a inda ake tura roba.

"In jan rubutu ya fito," in ji Dogo, "kar ka tsaya kallonsa kamar budurwa ta aiko maka wasiƙa. Ga 'yar alama nan a kusurwa, danna ya tafi. Kowa haka yake yi, in ba haka ba ba za ka cika adadin yini ba."

Da wannan salatif ɗin Mai Kunne ya yi mako uku yana rufa wa kansa asiri. A gida kuwa ya zama abin gudu. Ko cokali ya faɗi sai ya yi tsawa.

Ranar Alhamis da safe matarsa ta ajiye masa shayi, ya huce bai taɓa ba.

"Baban yara, ka gaya musu gaskiya mana. Rashin karatu ba sata ba ne."

"Ke za ki ciyar da mutum bakwai in sun ce na gode?"

"To ka sha shayin."

Bai sha ba. Ya ɗauki hularsa ya fita.

An tsayar da su a layi a bayan sito, ana kiransu ɗaya bayan ɗaya. Ba mai hira. Dogo ya shiga, kafin a yi haka ya fito yana murmushi.

"Ko minti uku ban yi ba ta ce ya isa." Sai ya matso ya rage murya. "Amma ka riƙe kanka. An wanke injin, an ɓare salatif ɗin."

Mai Kunne ya juyo ya dube shi. Bai gama haɗiye maganar ba aka kira lambarsa, arba'in da bakwai.

Injiniyar yarinya ce, ba za ta girmi 'yarsa ta fari ba. Takarda a hannu ɗaya, agogo a ɗayan.

"Sannu Baba. Ka tayar da shi, ka fitar mini da bokiti ɗaya."

Allon fes, kamar ba a taɓa manna masa komai ba. Ya kai yatsa inda yake jin salatif na farko ya zauna, ya danna. Injin ya ɗauka. Na biyu ya auna da faɗin tafinsa daga ƙasa, ya danna. Mazubi ya rufe.

Sai jan rubutu ya fito, layi biyu.

Yatsansa ya nufi kusurwa da kansa. Saura kaɗan ya taɓa gilashin ya tsaya. Wani abu bai yi masa ba. Robar da ta narke tana da warinta, mai kama maƙogwaro, yau kuwa warin rabi ne. Ya zagaya ya kusantar da bayan hannunsa jikin bututun da roba ke narkewa a ciki. Gaba da zafi, baya da zafi, tsakiya sanyi ƙalau.

"Baba, lokaci yana tafiya."

"Ya tafi, ranki ya daɗe. Tsakiyar nan ba wuta. In na tura roba a haka, ƙarfen ciki ne zai karye, kuma ba za a ce ke kika karya ba."

"Me rubutun ya ce?"

Ya dubi allon. Ya dubi ƙofa. Injin na ta guna, agogonta na tafiya. Ya yi tunanin ya ce idonsa ne ke ciwo, ya ga ba zai iya ba.

"Ban sani ba. Ban iya karatu ba. Salatif nake bi."

"Ni na ɓare su," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. Ta yi rubutu mai tsawo. "Ya isa."

Abin da ta ce wa Dogo ke nan. Ya fito bai san ko ya ci ko ya faɗi ba. A gida matarsa ta dubi fuskarsa, ta kwashe yara ta kai su ɗaki.

Ranar Juma'a mutane suka yi cincirindo a gaban takardar. Mai Kunne ya kutsa, ya bi lambobin da yatsa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Ta shida arba'in da bakwai ce, da wani rubutu a gefenta. Ya sake bi daga sama yana neman hamsin da biyu, lambar Dogo. Babu.

Dogo na tsaye a bayansa, jakarsa a kafaɗa.

"Matsa in karanta maka, tsohon banza. An ce an ba ka wata uku ka koyi karanta allon. In ba ka iya ba, ka biyo ni."

"Kai fa?"

"Injiniyar ce ta kashe wutar tsakiyar da gangan. Mu takwas muka kori jan rubutun ba mu karanta ba. Ni da na iya karatun, ko kallonsa ban yi ba."

"Bari in ga manaja."

"Ka ce masa me? Ni na koya maka ka danna?" Dogo ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba. "Ina da mutum tara a gida, ban san da wane baki zan fara ba. Kar ka ƙara mini da taka fuskar."

Aka buga ƙararrawar shiga aiki. Mai Kunne bai motsa ba.

"Shiga mana," in ji Dogo. "Ko so kake mu zama biyu?"

Ya shiga.